Faifan Soul Samba na Ike Quebec: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda na kunna wa wannan faifai, da wuya kiɗa na biyu ya ƙare bai ɗago kai ya ce, "Wai wane ne wannan mai busa?" ba. Daga nan sai tambaya ta haifi tambaya. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa.

Wane faifai ne wannan, kuma yaushe aka yi shi?

Cikakken sunansa Bossa Nova Soul Samba, amma yawanci Soul Samba kawai ake ce masa. Faifan jaz ne na mai busa saksofon ɗan Amurka, Ike Quebec, inda ya haɗa soul jazz da bossa nova. An ɗauke shi a rana guda, 5 ga Oktoba, 1962, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey. Kamfanin Blue Note ne ya fitar da shi da lamba 4114, ƙarƙashin kulawar mai kamfanin, Alfred Lion. Kiɗa tara ne a ciki, kuma duka-duka bai kai minti 40 ba.

Akwai waƙa da baki a ciki?

Babu. Saksofon ɗin ne mawaƙin.

Wane ne Ike Quebec? Ban taɓa jin sunansa ba.

Ba kai kaɗai ba ne. Ko a cikin masu sauraron jaz akwai da yawa da suka san John Coltrane da Sonny Rollins amma wannan suna bai taɓa gilma musu ba, kuma wannan abu yana yi mini ciwo.

An haife shi a Newark, New Jersey, ranar 17 ga Agusta, 1918. Da rawa da fiyano ya fara, sai da ya kai wajen shekara 20 ya koma kan saksofon mai matsakaiciyar murya, wanda ake kira tena. Wannan fari da ya yi da rawa yana da muhimmanci, domin ko a busarsa mafi sanyi za ka ji mutum ne da ya san inda ƙafa take sauka. Daga 1944 zuwa 1951 ya yi ta aiki da babbar ƙungiyar Cab Calloway, yana fita yana komawa. A 1944 ɗin ne kuma ya fara ɗaukar faifai wa Blue Note, inda kiɗansa "Blue Harlem" ya karɓu sosai a wajen jama'a.

Akwai wani aikinsa da ba a cika ambato ba. Alfred Lion da abokinsa Francis Wolff Yahudawan Jamus ne da suka baro Berlin, kuma da tsohon salon jaz kamfanin ya fara a 1939. Quebec na cikin waɗanda suka ja su zuwa ga samarin da ke ƙirƙiro sabon salo a Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta New York, musamman masu fiyano Thelonious Monk da Bud Powell. Lokacin da Monk ya yi ɗaukarsa ta farko wa kamfanin a 1947, har da wani kiɗa da Quebec ya tsara, "Suburban Eyes". Wato mutum ne da shi kansa tsohon salo yake busawa, amma kunnensa ya ji abin da ke tafe, ya kuma buɗe wa masu shi ƙofa ba tare da ƙyashi ba.

To me ya sa sunansa bai yi nisa ba?

Shekarun 1950 ba su yi masa daɗi ba. Manyan ƙungiyoyin kiɗa irin na Calloway sun watse saboda kuɗin riƙe su ya gagara, salon busarsa ya zama na jiya, shi kuma ya faɗa hannun hodar heroin, annobar da ta cinye makaɗan jaz da dama a wancan zamani. Ya shafe shekaru ba a cika jin ɗuriyarsa a faifai ba, har tuƙin mota ya yi don ya ci abinci.

Lion bai yar da shi ba. A 1959 ya sa shi ɗaukar ƙananan faifai, irin masu kiɗa ɗaya gaba ɗaya baya, waɗanda ake sakawa a akwatin kiɗa na jefa kwabo a mashaya da gidajen abinci na unguwannin baƙaƙen fata. Gwaji ne, a ga ko har yanzu da masu son wannan murya. Aka tarar suna nan. A ƙarshen 1961, cikin 'yan makonni, ya ɗauki manyan faifai uku: Heavy Soul, It Might as Well Be Spring, da Blue & Sentimental. Soul Samba ya biyo baya da wata goma. Dawowar tasa gaba ɗaya ba ta wuce shekara uku da 'yan kai ba.

Mene ne soul jazz, mene ne kuma bossa nova?

Soul jazz reshen jaz ne da ya yi ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1950, wanda ya koma ya ɗebo daga blues, tsohon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka mai kukan zuci, da kuma waƙoƙin cocinsu. Ba ya son lissafi mai yawa. Abin da yake so shi ne ɗan gajeren amo da za a maimaita har ya shiga jiki, da bugu mai sa kaɗa kai. Galibi za ka tarar da ogan samfurin Hammond a ciki, irin wanda Jimmy Smith ya yi suna da shi.

Bossa nova kuwa daga Rio de Janeiro ta fito, a Burazil, kuma ma'anar sunan ta yi kusa da "sabon salo". Samba ce aka rage wa hayaniya. Sambar titi tana da ganguna barkatai da taron jama'a. João Gilberto ya tattaro wannan bugu duka ya mayar da shi cikin yatsun hannu ɗaya a kan jita, babban yatsa yana aikin babbar ganga, sauran suna cike tsakani, shi kuma yana rera waƙa kamar mai raɗa. Fitar waƙarsa "Chega de Saudade" a 1958, wadda Antônio Carlos Jobim ya tsara kiɗanta, ita ake ɗauka mafarin abin.

Bambancin da kunne zai fi saurin kamawa yana wajen tafiyar bugu. Jaz yana ɗingisawa da gangan, dogo da gajere, dogo da gajere. Bossa nova tana tafiya daidai wa daida, kamar ɗigar ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama. Abin da Quebec ya yi shi ne ya ɗora waccan murya ta blues a kan wannan shimfiɗa.

Gaskiya dai, ba yayi kawai ya bi don a sayar da faifai ba?

Yayi kam an yi shi, babu musu. A watan Fabrairun 1962 mai saksofon Stan Getz da mai jita Charlie Byrd suka ɗauki Jazz Samba a cikin wani coci a Washington, ya fito a Afrilu, ya kuma yi kasuwar da ba a saba gani ba a faifan jaz. Nan take kowane kamfani ya ce shi ma sai ya ɗebi rabonsa. A Satumba Coleman Hawkins ya yi nasa, Gene Ammons ya yi nasa. A Nuwamba Charlie Rouse ya yi wa Blue Note Bossa Nova Bacchanal, a ranar 21 ga watan kuma aka yi babban bikin bossa nova a zauren Carnegie Hall na New York, inda Gilberto da Jobim suka hau dandali da kansu. Cannonball Adderley ya bi sahu a Disamba. Lion ɗan kasuwa ne, ya ga inda ruwa ya nufa.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A duba abin da Quebec ya zaɓa ya busa. A shekarar da kowa ke rububin waƙoƙin Jobim, shi ko ɗaya bai saka ba. Wanda yake son cinikin sauri, "Desafinado" ta Jobim zai fara ɗauka, domin ita ce ke tashe a rediyo a lokacin. Shi kuwa ya koma baya ya tono tsofaffin waƙoƙin Burazil da suka girmi bossa nova da shekaru kusan 30, ya haɗa da nasa biyu, da na mai jitarsa ɗaya, da biyu daga kiɗan gargajiyar Turai. Sannan bai sauya muryarsa ba ko kaɗan don ya yi kama da Getz. Abin da bossa nova ta ba shi shi ne sarari. Mutum ne da tun asali ƙarfinsa yana wajen kiɗa mai sanyi, sai ga wani bugu ya zo wanda ba ya tura mai busa gaba, ba ya neman ya yi ihu. Kamar rigar da aka ɗinka wa wani ce, shi ya saka ta zauna masa cif.

Su wa suka yi kiɗan tare da shi?

Mutum huɗu. Kenny Burrell, haifaffen Detroit a 1931, shi ke kan jita. Wendell Marshall ke kan bas, wato babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyoyinsa da yatsa; ya yi shekaru kusan bakwai tare da babbar ƙungiyar Duke Ellington, daga 1948 zuwa 1955. Ganguna suna hannun Willie Bobo, wanda sunansa na yanka William Correa, ɗan unguwar Spanish Harlem da iyayensa suka fito daga Puerto Rico, kuma ya goge a wajen manyan makaɗan Latin, Tito Puente da Cal Tjader. Na huɗu shi ne Garvin Masseaux, mai kaɗa shekere.

A lura da abin da babu: ba fiyano, ba ogan. Faifan soul jazz da babu ko ɗaya daga cikinsu abu ne da ba a saba ba, kuma wannan giɓi shi ne rabin daɗinsa. Jita ba ta cika ɗaki kamar ogan. Burrell yana ajiye amo nan, ya ajiye can, ya bar fili a tsakani, cikin wannan fili ne ake jin numfashin Quebec. A lura kuma babu ɗan Burazil ko ɗaya a ɗakin. Bobo daga makarantar kiɗan Kyuba da Puerto Rico ya fito, shi ya sa bugun yake da ɗan nauyi da ƙamshin Karibiyan wanda ba ka ji a faifan Gilberto.

Shekere? Irin na Yarabawa?

Shi ɗin dai. Gora ce da aka busar, aka saƙa mata raga ta zare mai ɗauke da duwatsun ado ko wuri, aka lulluɓe ta da ita. Bambancinsa da cakin da muka sani a wajen masu goge shi ne, caki tsakuwarsa a ciki take, shekere kuwa nasa a waje suke, don haka ana iya murza ragar a jikin gorar a sami wani sauti mai laushi, "shhh", ban da girgizawa da bugun gindinta da tafin hannu.

Hanyar da ya bi ya isa New Jersey hanya ce mai ɗaci. Cinikin bayi ne ya kwashi Yarabawa zuwa Kyuba, inda aka kira su Lukumi, da Bahia ta Burazil, inda aka kira su Nago. Sun tafi da addininsu da kayan kiɗansu, sunan gorar ma bai sauya sosai ba a bakin masu Sifaniyanci da Fotugisanci. Daga Kyuba ya shiga New York tare da makaɗan da suka yi ƙaura can.

A wannan faifai Masseaux ba ya neman a gan shi. Tun daga farko har ƙarshe yana nan a gefe yana sheƙa amo ɗaya, kamar mai tankaɗe. Ka gwada sauraron kiɗa guda kana bin shekeren kaɗai da kunne, ka manta da saksofon. Za ka gane shi ne zaren da aka ɗinke komai da shi.

Tunda an ambaci Bahia, akwai hannun Hausawa a samba?

An kai Hausawa Bahia, wannan tabbas ne, kuma ba su kwanta ba: su ne kan gaba a yunƙurin tawayen bayi na 1807 da boren 1809, akwai su kuma a boren Musulmin Salvador na 1835 da ake kira na Male, duk da cewa Yarabawa ne suka fi yawa a wannan. Sai dai tushen samba an fi danganta shi da mutanen da aka kwaso daga yankin Angola da Kwango. Ba na son mu ɗauki abin da ba namu ba. Tarihin da muke da shi a can ya isa abin tunawa a karan kansa.

Waɗanne kiɗa ne a ciki, kuma da wanne zan fara?

Ka fara daga farko, da "Loie", wanda Burrell ya tsara ya kuma sake ɗauka daga baya a faifansa Guitar Forms. Minti uku ne da 'yan kai, kuma duk abin da faifan yake da shi yana cikinsa. Ka kasa kunne ga yadda Quebec yake fara amo: iska ce take fara fitowa, "fff", kafin sautin ya kama. Masu busa suna yin haka ne ta sassauta leɓe a kan ɗan siririn karan da ke bakin saksofon, su bar wani kaso na numfashi ya zurare. Ben Webster ya yi suna da wannan, Coleman Hawkins kuma shi ne uban gidan wannan babbar murya ta tena baki ɗaya. Daga wajensu Quebec ya sha.

"Me 'n You" da "Blue Samba" nasa ne, kuma na biyun sunansa ya faɗi gaskiya, blues ne tsantsa da aka ɗaura wa zanen samba. A nan ne yake ɗan buɗe murya, har ka ji gurnanin mutumin da ya yi shekaru a gaban ƙungiyar Calloway. "Linda Flor", wato kyakkyawar fure, ta Henrique Vogeler ce daga ƙarshen shekarun 1920, ana kuma ƙirga ta cikin na farko-farkon sambar soyayya mai sanyi. "Favela" sunan unguwannin talakawa ne da ke manne a jikin duwatsun Rio; kada a rikita ta da wata waƙar Jobim da ake kira da wannan suna a Amurka, wannan ta girme ta nesa ba kusa ba. Sauran su ne "Lloro Tu Despedida" da "Shu Shu", sai biyun nan na Turai.

Me ya kawo kiɗan Turawan da cikin faifan samba?

"Liebestraum" na Franz Liszt ne, kiɗan fiyano da aka buga a 1850, ma'anarsa mafarkin soyayya. Quebec ya ɗauko karin kawai ya sa masa ƙafa. Yana da daɗi, amma ba shi ne ke tsayar da ni ba.

"Goin' Home" ne ke tsayar da ni. Karin ya fito daga babi na biyu na wani dogon kiɗa da Antonín Dvořák, ɗan ƙasar Cek, ya tsara a 1893 lokacin yana koyarwa a New York, bayan ya saurari waƙoƙin ibada na baƙaƙen fata ya ce a nan makomar kiɗan Amurka take. A 1922 wani ɗalibinsa, William Arms Fisher, ya sa wa karin baiti a kan komawa gida, kuma ya shiga jikin mutane har da yawa suka ɗauka tsohuwar waƙar bayi ce. Ana yawan rera ta a wajen jana'iza a Amurka. Ka ga tafiya: Bature ya ara daga baƙar fata, baƙar fata ya karɓo abinsa, ya ɗora a kan bugun Burazil, gorar Yarabawa tana sheƙawa a baya. Quebec bai yi wa karin ado da yawa ba. Yana ja, ya tsaya, ya bar amo ya mutu da kansa kafin ya ɗauko na gaba, kamar dattijon da ke ba da labari ba ya gaggawar kai ƙarshe.

Gaskiya ne shi ne faifansa na ƙarshe?

Shi ne na ƙarshe da ya ɗauka da sunansa. Ya rasu a New York ranar 16 ga Janairu, 1963, sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 44. Daga ranar ɗaukar faifan zuwa ranar rasuwarsa kwana 103 ne. Kwana uku kafin rasuwar tasa Blue Note ta rasa mai fiyano Sonny Clark, wanda Quebec ya yi wa busa mai ratsa jiki a kiɗan "Deep in a Dream" a 1961.

Mai busa da huhu yake sana'a. Tun ranar da na san wannan lissafi na kwanaki, iskar nan da ke fita gaban kowane amo ta daina zama salo kawai a kunnena. Duk da haka ina roƙon mai sauraro kada ya shiga faifan da zaman makoki. Babu rauni a busar, muryar cike take, wani wajen ma har da fara'a.

Ina bambancinsa da na Stan Getz?

Getz daga gidan Lester Young ya fito: murya siririya, mai sauƙi, tana shawagi a saman bugu. Quebec daga gidan Hawkins da Webster: murya mai kauri, tana zaune a ƙasa, tana ɗan jan baya ga bugun kamar ba ta son rabuwa da kowane amo. Getz ya fi kusa da yadda 'yan Rio suke jin abinsu, shi ya sa haɗuwarsa da Gilberto da Jobim a 1963 ta yi armashi har duniya ta ɗauka. Na Quebec bossa novar Harlem ce ta ƙarfe biyun dare. Ina son duka biyun, amma na Quebec nake komawa gare shi.

Ba shi da wani aibi?

Yana da shi. Saurin bugun kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, shekeren kuma ba ya hutawa, don haka wanda ya saba da faifan da ke hawa da sauka zai iya cewa kiɗa ɗaya ne aka yanka gida tara. Wanda yake neman gwanintar yatsu da gudu ma ba zai samu ba. Kuma ɗan Burazil zai iya cewa, da gaskiyarsa, wannan ba bossa nova ba ce sosai. Na karɓi duka ukun. Gajartar kiɗan ce take ceton sa, domin yawancinsu tsakanin minti uku ne da shida, ba a kai ga gundura ake wucewa.

Me ya sa sautin yake fita kamar suna cikin ɗaki tare da kai?

Aikin Rudy Van Gelder ne. Likitan gwajin ido ne da ya fara ɗaukar makaɗa a falon iyayensa a Hackensack, har a 1959 ya bar aikin ido ya gina ɗaki na musamman a Englewood Cliffs, mai dogon rufin katako kamar na coci. Yana kusanto da makirufo ga bakin kayan busa, shi ya sa ake jin numfashi. Kuma duka makaɗan a ɗaki ɗaya suke, lokaci ɗaya, suna kallon juna. Blue Note tana da wata al'ada da ta taimaka: tana biyan makaɗa kuɗin kwanakin gwaji kafin ranar ɗauka, ba a zuwa a haɗu a bakin makirufo ana tambayar me za a yi.

Sai na nemi faifan garmaho, ko na waya ya wadatar?

Na waya ya wadatar, yana nan a manhajojin sauraron kiɗa na intanet, wani lokaci da guntun sunan, wani lokaci da cikakken. Fitowar CD tana da ƙarin ɗauka uku na wasu kiɗan da ke ciki. Bugun farko na garmaho abin masu tarawa ne, suna duba sunan Van Gelder da aka buga a sulɓin da ke kusa da tsakiyar faifai, kuma tsadarsa ba ta mai son sauraro kawai ba ce. Abu ɗaya nake roƙo: kada a saurare shi ta lasifikar waya. Bas ɗin Marshall ɓacewa yake yi gaba ɗaya, shekeren ya koma kamar ƙarar soya. A sa abin kunne, ko a haɗa da lasifika mai ɗan girma, da daddare bayan gida ya yi tsit.

In na gama da shi, sai me?

Blue & Sentimental, inda Quebec yake tare da mai jita Grant Green, nan ma yawanci ba mai fiyano na daban. In bugun Latin ɗin ne ya kama ka, The Latin Bit na Green da Bossa Nova Bacchanal na Charlie Rouse duk na 1962 ne, kuma Bobo da Masseaux suna cikin duka biyun. In kuwa jitar Burrell ce, ka nemi Midnight Blue, wanda ya ɗauka a wannan ɗaki na Van Gelder ranar 8 ga Janairu, 1963, kwana takwas kafin rasuwar Quebec.